JIRGIN ƘASAN DA AIKIN GAYYA YA RAYA

A ƙasar Birtaniya akwai wani yanki da a ke kira Wales, yamma da Ingila. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruwa da ruwan sama mai yawa, mutanenta kuwa suna da nasu harshe dabam da Ingilishi. A can akwai wata 'yar hanyar jirgin ƙasa wadda tsawonta mil 7 ne da kwata, watau kamar kilomita 12. A rubuce sunanta Talyllyn, amma da ya ke sunan yana da wuyar faɗi, mu a nan za mu riƙa ce mata Talilin.

An gina wannan hanya a shekarar 1865 domin jigilar dutse daga mahaƙa. Haƙar dutsen ta mutu tun 1946, amma jirgin yana nan yana tafiya har yau. Waɗanda suka cece shi ba gwamnati ba ce, ba kuwa wani babban attajiri ba. Mutane ne kamar ni da ku, suka haɗa kai suka yi masa gayya. Ga yadda abin ya faru.

Dutsen Allo

Da farko sai mu san irin dutsen da a ke haƙa. Wani baƙin dutse ne mai laushin tsagewa. In gwani ya sa masa kurfi ya buga da guduma, sai ya rabu falle-falle, ko wane falle sumul, kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba. Da irinsa a ke yin baƙin allon nan da 'yan makaranta su ke rubutu a kai su goge. Saboda haka mu kira shi dutsen allo.

Amma babban amfaninsa a Birtaniya shi ne rufin ɗaki. Yadda mu ke rufa ɗaki da ciyawa ko kwano, haka su ke jera fallayen dutsen nan a kan katako, wani bisa wani kamar ɓawon kifi. Ruwa ba ya ratsa shi, wuta ba ta cinsa, ya kan yi shekara ɗari bai lalace ba. A zamanin da a ke ta gina masana'antu a Ingila, mutane suka yi ta ƙaura daga ƙauyuka zuwa birane, aka yi ta gina gidaje, ko wane gida kuwa yana bukatar rufi. Sai dutsen allo na Wales ya yi kasuwa ƙwarai.

Wahalar ita ce, dutsen yana can bisa tsaunuka, masu sayensa kuwa suna birane masu nisa. Ga shi da nauyi, ga saurin fashewa. Kafin zuwan jirgi, da dawaki a ke sauko da shi, kaɗan-kaɗan, da tsada.

Yadda Aka Gina Hanyar

Wani attajiri mai suna William McConnel yana da masaƙar auduga a birnin Manchesta. Audugar da ya ke saƙawa daga Amurka ta ke zuwa. A 1861 yaƙin basasa ya tashi a Amurka, auduga ta yanke, masaƙu suka shiga wahala. McConnel ya ga bai kamata mutum ya dogara ga sana'a ɗaya ba, sai ya zuba kuɗinsa a wata mahaƙar dutsen allo mai suna Bryn Eglwys, bisa ƙauyen Abergynolwyn. Ya kuma yi shawarar shimfiɗa dogo daga mahaƙar zuwa garin Tywyn da ke bakin teku, inda babbar hanyar jirgi ta bi. A baki sunan garin kamar Tawin ne. Majalisar Dokoki ta ba da izni a 1865, aka fara jigilar dutse, a ƙarshen 1866 kuma aka fara ɗaukar fasinja.

Ku lura da wannan. Ba dukan hanyoyin jirgi ne faɗinsu ɗaya ba. Faɗin hanya shi ne ratar da ke tsakanin ƙarafan dogo guda biyu. Manyan hanyoyin Ingila faɗinsu ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Tsohuwar hanyarmu ta Ikko zuwa Kano faɗinta ƙafa 3 da inci 6. Ita kuwa Talilin ƙafa 2 ce da inci 3 kacal, kamar kamu ɗaya da rabi. Yaro ma ya iya tsallake ta.

Me ya sa aka yi ta siririya haka? Dalili na farko, araha. Siririyar hanya ba ta bukatar a fasa dutse da yawa, gadojinta ƙanana ne, ƙarafanta marasa nauyi. Dalili na biyu, tana iya lanƙwasa ta zaga gindin tsauni inda babbar hanya ba ta iya juyawa. Amma tana da nata aibi. Taragunta ba su iya hawa babbar hanya. Saboda haka in dutse ya iso Tawin, sai lebura su sauke shi da hannu, falle-falle, su sāke loda shi a babban jirgi.

Can wajen mahaƙa tudun ya yi tsayi ƙwarai, kan jirgi ba ya iya hawa. Sai aka yi wata dabara. Aka shimfiɗa dogo biyu a gangaren, aka kafa wani babban gungume mai juyawa a bisa, aka naɗa masa igiyar ƙarfe. Tarago mai kaya yana sauka ta gefe ɗaya, nauyinsa yana jawo wanda ba kaya yana hawa ta ɗaya gefen. Mutum guda yana riƙe da birki don kada su yi gudu. Ba kwal, ba doki, nauyin dutsen ne ke yin aikin.

Aka sayo kawunan jirgi guda biyu masu aiki da tururi. Na ɗaya an ƙera shi a 1864, aka sa masa sunan hanyar. Na biyu an ƙera shi a 1866, sunansa Dolgoch. Yadda su ke aiki ba wuya a gane. Akwai tukunyar ƙarfe cike da ruwa, a hura mata wutar kwal. In ruwan ya tafasa sai tururi ya taru yana neman hanyar fita, kamar yadda ya kan ɗaga murfin tukunyar tuwo. Sai a bi da shi ta bututu ya tura wani sandan ƙarfe gaba da baya, sandan kuwa ya juya ƙafafun jirgi.

Akwai wani abin dariya da ya faru kafin a yarda a ɗauki mutane. Gwamnati ta aiko da mai duba hanya, Kyaftin Henry Tyler. Ya auna, ya ga gadojin da suka bi ta bisan hanyar sun matse, in fasinja ya buɗe ƙofa a ƙarƙashin gada ba shi da wurin fita. Rushe gadojin kuwa kuɗi ne mai yawa. Sai McConnel ya kawo shawara a matsar da dogon gefe ɗaya a ƙarƙashin ko wace gada, a kuma toshe ƙofofin taragu na gefen da ya matse. Aka yarda. Har yau taragun fasinja na Talilin ta gefe ɗaya kaɗai a ke buɗe su.

Yadda Hanyar Ta Kusa Mutuwa

Wajen 1880 mahaƙar tana da ma'aikata kamar 300, tana fitar da dutse kamar tan 8,000 a shekara. Daga nan sai kasuwa ta fara ja da baya. Aka sami waɗansu kayan rufi masu araha, dutse mai kyau kuma ya ragu a ramin. Da yarjejeniyar iyalin McConnel ta ƙare a 1910, ba wanda ya so ya karɓa. In mahaƙar ta rufe, mutanen ƙauyen ba su da wani abin yi.

Wakilin yankin a Majalisar Dokoki, Henry Haydn Jones, ya ga halin da jama'arsa za su shiga. A 1911 ya sayi mahaƙar da hanyar jirgin duka, domin mutane su ci gaba da samun abinci. Amma ba shi da kuɗin buɗe sababbin ramuka. Ku sani, a ƙarƙashin ƙasa a ke haƙar dutsen, a kan bar waɗansu ginshiƙai na dutse su tallafi rufin ramin. Da dutse ya yi wuyar samu, sai aka riƙa sassaƙar ginshiƙan nan a na sayarwa. Wannan kamar mutum ya riƙa zare azarar ɗakinsa yana hura wuta ne. Ran 26 ga Disamba 1946 ginshiƙai suka karye, rufin ramin ya rufta. Aka rufe mahaƙar, ba a sāke buɗe ta ba.

To, ga jirgi ba kaya. Haydn Jones ya yi alkawari muddin yana da rai jirgin ba zai tsaya ba, ya kuwa cika, ko da ya ke hasara ya ke yi. A 1948 gwamnati ta karɓi kusan dukan hanyoyin jirgin Birtaniya, amma ba ta karɓi Talilin ba. Ran 2 ga Yuli 1950 Haydn Jones ya rasu.

A lokacin nan hanyar ta lalace ƙwarai. Yawancin ƙarafan dogon tun na farko ne, sun cinye. Katakan da ke ƙarƙashinsu sun ruɓe, a wurare da yawa ciyawa da ƙasa ne kaɗai su ke riƙe da dogon. Kan jirgi na ɗaya ya gaji an ajiye shi, saura Dolgoch kaɗai, shi ma ya haura shekara 80. Kowa ya ɗauka abin da ya rage shi ne a kira masu sayen tsohon ƙarfe.

Takarda Guda Zuwa Jarida

Akwai wani mutum mai suna Tom Rolt, injiniya ne kuma marubucin littattafai. Ya taɓa zuwa ya ga hanyar, ta shiga ransa. Ba shi da kuɗin sayenta. Abin da ya ke da shi alƙalami ne. Sai ya rubuta takarda zuwa wata jarida ta birnin Birmingham, ya ce bai kamata a bar wannan hanya ta mutu ba. Mutane suka karanta, waɗansu suka ba da amsa. Ran 11 ga Oktoba 1950 aka yi taro a Birmingham, mutum kamar 70 suka zo. Ku tuna, Birmingham ba a Wales ta ke ba, tafiya ce mai nisa. Yawancin waɗanda suka taru ba 'yan garin ba ne, ba su da gona ko gida a can. A wurin taron suka kafa ƙungiyar kiyaye hanyar jirgin Talilin.

Shirin ƙungiyar mai sauƙi ne. Ko wane ɗan ƙungiya zai biya kuɗin shekara. Wanda ya sami hutu kuma zai zo ya yi aiki da hannunsa, ba lada. Suka zaɓi shugabanni, da magatakarda, da ma'aji mai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Suka je suka yi magana da matar marigayi Haydn Jones, ta yarda ta sa hanyar a hannunsu. A watan Fabrairu 1951 suka karɓa. Ran 14 ga Mayu 1951 jirginsu na farko ya tashi daga Tawin. Wannan ce hanyar jirgin ƙasa ta farko a duniya da 'yan sa-kai suka karɓa suka raya.

Wahalar Shekarun Farko

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. Shekarar farko tsohon Dolgoch ne ya ɗauki kusan dukan aikin. Ƙungiya ta san in ya tsaya, shi ke nan. Aka yi sa'a akwai wata hanya kusa, mai suna Corris, faɗinta daidai da na Talilin, an rufe ta a 1948. Kawunan jirginta biyu suna nan a ajiye. Ƙungiya ta saye su fam 25 ko wane. Suka sa wa ɗaya sunan Haydn Jones, ɗayan kuma Edward Thomas, sunan tsohon manajan da ya yi fiye da shekara 50 yana yi wa hanyar aiki.

Da aka ɗora na farkon a kan dogo, sai ga wata matsala. Tsohon dogon ya buɗe fiye da ƙima, ƙafafun wannan kan jirgi kuwa sirara ne, sai su riƙa zamewa su faɗa tsakanin ƙarafa. Tilas aka ajiye shi sai an gyara hanya. Na biyun kuma yana bukatar babban gyara. Shugaban wani kamfanin ƙera jiragen ƙasa, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne, ya sa aka gyara shi kyauta, ya fara aiki a 1952.

Sauran aikin kuwa na diga da shebur ne. Malamin makaranta, da akawu, da maƙeri, da ɗalibi, su kan zo ran hutu su tone ruɓaɓɓun katakai su sa sababbi, su share magudanun ruwa, su sare ƙaya. Wani ya koyi aikin tuƙi, wani hura wuta, wani sayar da tikiti. Kaɗan-kaɗan suka canja dogon duka. A 1957 gidan talabijin na BBC ya nuna jirgin ga mutanen ƙasar, sai masu zuwa kallo suka ƙaru ƙwarai, kuɗi ya shigo. A 1958 kan jirgi na ɗaya ya komo aiki bayan an gyara shi. A 1976 suka buɗe wa fasinja ƙarshen hanyar, wanda dā dutse kaɗai ke bi, har zuwa wani kwari mai suna Nant Gwernol.

Yadda Ta Ke A Yau

Yanzu jirgin ba ya ɗaukar dutse. Baƙi ya ke ɗauka, masu zuwa shan iska da ganin yadda mutanen dā suka yi aiki. Tafiyar daga Tawin zuwa ƙarshen hanya ta kan ci kusan sa'a guda, gama jirgin ba ya sauri. Ya kan bi ta gonaki da makiyayar tumaki, ya haye wata doguwar gada ta tubali kusa da inda ruwa ke zubowa daga dutse. Kawunan jirgi biyu na farko suna nan a hannun ƙungiya, haka kuma taragun fasinja na farko, a kan fito da su a yi tafiya da su. A tashar Tawin akwai gidan ajiye kayan tarihi na ƙananan jirage. Akwai 'yan ma'aikata kaɗan masu albashi, amma yawancin aikin har yanzu 'yan sa-kai ke yinsa. Baƙin nan kuwa su kan kwana a garin, su ci abinci, su yi sayayya. Hanyar da dā ta ke ciyar da mutane da dutse, yanzu tana ciyar da su da baƙi. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Da waɗansu suka ga abin ya yiwu, sai suka yi koyi. Wata hanyar dutsen allo a arewacin Wales, mai suna Ffestiniog, ta sāke buɗewa a 1955. Daga nan abin ya bazu cikin Birtaniya da waɗansu ƙasashe. A 2021 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wuraren haƙar dutsen allo na arewa maso yammacin Wales cikin jerin kayan tarihin duniya, Talilin tana ciki.

Mu Ma Mun Taɓa Yin Irinta

Labarin nan bai yi nisa da mu ba kamar yadda ku ke zato. A ƙasarmu ma an yi siririyar hanyar jirgi saboda ma'adini. Kuzar da a ke haƙa a tsaunukan Jos, dā a ka 'yan dako su ke ɗaukarta, tafiyar kwana da kwanaki. Sai aka shimfiɗa ƙaramin dogo daga Zariya, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa kamar mil 143. A kan kira shi ƙaramin jirgin Bauci, ko da ya ke bai taɓa shiga garin Bauci ba. Sunan lardin ne ya ci, gama a lokacin Jos tana cikin lardin Bauci. Shi ma, kamar Talilin, in kaya ya iso Zariya sai an sauke an sāke lodi a babban jirgi.

A 1927 babban dogo daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan, ya ƙwace yawancin kayan. Motoci kuma suka yi ta ƙaruwa. A 1957 aka rufe ƙaramar hanyar, aka kwashe ƙarafanta. Ku duba, a shekarar da mutanen Birtaniya su ke tururuwa zuwa kallon Talilin, a shekarar ne namu ya tsaya. Waɗansu kawunansa an kai su gidan tarihi na Jos an ajiye, amma jirgin da ke tsaye ba daidai ya ke da mai tafiya ba.

Abin Da Za Mu Koya

Ba ko wane tsohon abu ne za a iya rayawa ba, hanya mai mil 143 kuwa ba ɗaya ta ke da mai mil 7 ba. Amma ko wane gari yana da abin da kakanni suka bari: ganuwa, ko ƙofar gari, ko tsohuwar rijiya, ko marina, ko maƙera, ko littattafan wani malami da gara ke ci. In aka ce sai gwamnati ta zo, sau da yawa kafin ta zo abin ya rushe.

Gayya ba baƙuwarmu ba ce. Da ita mu ke noma, da ita mu ke ɗaga jinka. Abin da mutanen Talilin suka ƙara a kan gayya shi ne rubutu. Da takarda aka kira taron. A rubuce aka yi yarjejeniya da masu hanyar. A littafi a ke sa sunan ko wane ɗan ƙungiya da abin da ya biya, kowa ya iya dubawa, saboda haka ba zargi. Gayyar noma ta kan watse da yamma. Gayyar da aka rubuta dokokinta da lissafinta kuwa, ga ta nan ta wuce shekara 70, waɗanda suka fara ta sun shuɗe, waɗansu sun ɗauka. Ku da ku ke koyon karatu da rubutu da lissafi, kayan aikin ke nan a hannunku.

Tambayoyi

1. Wane irin kaya aka gina hanyar Talilin domin ɗauka, me kuwa a ke yi da shi?
2. Kawo dalili biyu da suka sa a ke yin siririyar hanyar jirgi a ƙasar duwatsu.
3. Me ya sa rufin mahaƙar ya rufta a 1946?
4. An buɗe hanyar a 1865, ƙungiya ta karɓe ta a 1951. Shekara nawa ke tsakani?
5. An sayi kawunan jirgi biyu fam 25 ko wane. Nawa aka biya duka?
6. Wane tsohon abu ne a garinku ya kamata a yi wa gayya? Rubuta sunansa a allonka, ku yi shawara a kai da malaminku.